Allon Jirgi da Ekutar Marar Igiya: Inda Gizo Ke Saƙar

Wanda ya bar Damagaram zai yi doguwar tafiya ta sama, ko ta Yamai ya bi ko ya gangara Kano ya hau daga can, akwai wani ƙaramin abu da ke jiran sa a kujera. Ƙananan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Zinder da Yamai ba su da allo, saboda haka maganar ba ta tasowa. Sai an shiga babban jirgi mai zuwa Jidda, ko Istanbul, ko Addis Ababa a kan hanyar Guangzhou, sannan mutum zai ga allo a bayan kujerar gabansa, cike da karatun Alƙur'ani, labarai, fina-finai da taswirar tafiya. Ya zaro abin sauraronsa marar igiya daga aljihu, wanda mu nan muke kira ekutar, mutanen Kano kuma su ce iyafis, ya duba allon sama da ƙasa, babu inda zai haɗa. Abin da zai samu rami ne a hannun kujera ko a ƙarƙashin allon, wani lokaci ma biyu a jere.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, yaya za a yi Bluetooth ɗin da ke cikin lasifikar mai shayi a bakin tasha ya gagari jirgin da aka saya da miliyoyin dalar Amurka? Ƙwayar na'urar kanta ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ta da wata tsada. Wahalar tana wasu wurare ne daban: cunkoson mutane a wuri ɗaya, jinkirin sauti, da dokar da ta hana a sauya ko da ƙusa ɗaya a jikin jirgi sai da izini.

Shi ramin nan ya daɗe. A 1961 kamfanin TWA na Amurka ya fara nuna fim a kai a kai cikin jiragensa, kuma shekaru da yawa bayan nan abin da ake miƙa wa fasinja bututun roba ne kawai, irin wanda likita ke sauraron ƙirji da shi. Ƴar lasifikar tana ɓoye cikin hannun kujera, iska ce ke kai sautin kunne. Da aka koma na lantarki daga ƙarshen shekarun 1970, jirage da yawa sun ɗauki tsarin rami biyu, ɗaya na kunnen dama, ɗaya na hagu, kowanne mai faɗin milimita 3.5. Allon bayan kujera ya fara bayyana a 1988. Duk tsawon wannan lokaci kowa da igiyarsa, babu mai kuka. Lissafi ya sauya ne a 2016, da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 babu ramin sauraro, ya biyo da ekutar ɗinsa marar igiya mai suna AirPods, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Mu nan har yau salula da yawa na Tecno da Itel suna da ramin, amma masu su ma sun koma marar igiya. Jirgi kuwa yana yin shekara 20 zuwa 30 yana aiki, kujeru da allunan cikinsa sukan kai shekara goma ba a sauya su ba. Kayan aljihun fasinja sun yi gaba, kujera tana nan inda aka bar ta.

Mutum 300 a cikin bututu ɗaya

Bluetooth rediyo ne, kuma yana aiki a zangon gigahaz 2.4, daga megahaz 2402 zuwa 2480. An yanka wannan fili gida 79, kowane gida megahaz ɗaya. Na'urori biyu da suka ƙulla ba sa zama a gida ɗaya. Tsalle suke yi tare daga wannan gida zuwa wancan, har sau 1,600 a daƙiƙa guda, bisa wani jeri da su biyu kaɗai suka sani. Hikimar ita ce, idan suka yi karo da wani a gida ɗaya, ɗan guntun saƙon da ya lalace sai a sake tura shi a gida na gaba, kunne bai ma ji komai ba. A ɗaki, ko a shago, ko a cikin mota, wannan dabara ta wadatar.

Yanzu a ɗauki babban jirgi irin Boeing 777, wanda yawancin kamfanoni ke jera wa kujeru goma a kowane sahu na ɓangaren talakawa: uku, huɗu, uku. Tsakanin sahu da sahu wajen santimita 80 ne. Bluetooth irin na ekutar da salula yana fitar da ƙarfin da bai wuce miliwat 2.5 ba a mafi yawan lokuta, kuma yana kai wajen mita 10. Mita 10 gaba, mita 10 baya, sahu 25 ke nan, wato kujeru 250 duk suna cikin da'irar da kunnenka zai iya jiyowa. Gida 79, baƙi 250.

A yi lissafin allo mai sauƙi. Idan na'urori 20 suna magana a lokaci ɗaya da taka, kowacce tana faɗawa gidan da ta ga dama, kusan kashi ɗaya cikin biyar na saƙonninka za su yi karo. Idan sun kai 100, karon ya haura kashi 70 cikin ɗari. A aikace abin bai kai haka muni ba, domin na'ura ba ta magana ba tsayawa, kuma na nesa muryarsu ta raunana kafin ta iso. Amma alƙiblar a bayyane take. Kuma kowane karo yana jawo maimaici, maimaicin kuma yana ƙara cika iska, har a kai inda sauti zai fara yankewa, ya dawo, ya sake yankewa, kamar kiran salula a bayan gari.

Abu biyu suna ƙara dagula lamarin. Na farko, Wi-Fi ɗin jirgi ma yana iya zama a wannan zango, kuma tasharsa ɗaya tana cin megahaz 20, wato gidajen Bluetooth wajen 20 a lokaci guda. Idan an kunna tashoshi uku da aka saba, 1 da 6 da 11, abin da ya rage a sarari bai fi gida 20 ba. Tun 2003 Bluetooth ya iya gane gidajen da ke da hayaniya ya kauce musu, amma kaucewar na nufin kowa ya tattaru a ɗan abin da ya saura. Na biyu, gangar jirgi doguwar kwalba ce ta alminiyam, ko ta zaren kabon da aka saƙa wa ragar ƙarfe a sababbin jirage. Igiyar rediyo ba ta ficewa ta ɓace kamar a fili. Bango take bugawa ta dawo. Jikin mutum kuwa ruwa ne, ruwa kuma yana shanye wannan zango. Shi ya sa jirgi fanko da jirgi cike ba su da hali ɗaya, kuma gwajin da aka yi babu mutane a ciki ba ya nuna abin da zai faru ranar da aka cika shi maƙil.

Maganin da injiniyoyi suka samo, a rage murya ne. Daga allo zuwa kunnen mai kallo bai kai mita ɗaya ba, to me ya kawo ihun mita 10? Ana rage ƙarfin mai turawa sosai, a kafa eriyar ta fuskanci mai zaman kujerar, yadda saƙon zai mutu bayan sahu biyu ko uku. Idan da'irar ta dawo mita 2, maƙwabtan da ke damun ka sun sauko daga 250 zuwa ƙasa da 50. Sai a kwashe Wi-Fi a mai da shi zangon gigahaz 5 gwargwadon iko, a bar wa Bluetooth filinsa. Sannan a koya wa allon ya riƙa nuna na'urorin da ke kusa da shi kaɗai, waɗanda saƙonsu ya fi ƙarfi, domin in ba haka ba fasinja zai buɗe jerin sunaye ya tarar da ekutar 40, rabinsu suna ɗaya. A ƙarshen tafiya kuma dole allon ya goge duk abin da aka ƙulla, don kada ya wayi gari yana neman kunnen wanda ya sauka jiya.

Baki ya motsa, murya ta makara

Igiya tana kai sauti nan take. Bluetooth kuwa sai ya matse sautin, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya tura, ekutar ta tara kaɗan a ajiye saboda gudun yankewa, sannan ta warware ta busa a kunne. Da tsarin matsewa na gama-gari, wanda ake kira SBC kuma kowace na'ura ke da shi, wannan aiki yakan ci milisakan 150 zuwa 250, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ma'aunin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya nuna mutum yana fara lura idan murya ta makara da fiye da milisakan 125 a bayan hoto, kuma daga 185 abin ya fara zama abin ƙi. Ka ga ke nan SBC yana zaune daidai kan iyaka. Ga mai sauraron karatu ko waƙa babu wata damuwa. Ga mai kallon fim ko mai ba da labarai, leɓe zai rufe kafin kalmar ta ƙare.

Mutum zai ce, ai ina kallo a salulata da ekutar ɗin nan, ban taɓa ganin haka ba. Gaskiya ne, kuma dalilin shi ne salula tana sanin tsawon jinkirin, sai ta riƙe hoton daidai wannan ɗan lokaci don su fito tare. Allon jirgin da aka ƙera da Bluetooth tun asali shi ma haka yake yi. Wannan shi ne babban bambancinsa da ƴar na'urar da fasinja ke cusawa a rami don ta tura sautin zuwa ekutar ɗinsa, domin ita sautin da ya riga ya fito take karɓa, ba ta da iko a kan hoto. Iyakarta ta yi sauri. Akwai tsarin aptX Low Latency na kamfanin Qualcomm da ke sauko da jinkirin zuwa wajen milisakan 40, amma sai ɓangarorin biyu duk suna da shi. AirPods ba su da aptX ko wane iri, kuma yawancin masu arha da ke kasuwanninmu SBC kaɗai suka sani, ko me aka rubuta a kwali.

Abin da ya sa ba a gyara shi cikin dare ɗaya

Allon kujera ba talabijin ba ne da aka rataye. Akwai uwar kwamfuta a wani ɗaki na jirgin, igiyoyi sun taso daga can zuwa akwatunan rarrabawa, daga nan zuwa akwatin da ke ƙarƙashin kujeru, wanda yakan tokare wa mutum ƙafa, sannan zuwa allo da ramin sauraro. Tsarin yana haɗe da lasifikar sanarwa, yadda duk lokacin da matuƙi ko ma'aikatan jirgi suka ɗauki makirfo, hoto zai tsaya, muryarsu ta shigo kunnen kowa. Duk sabon abin da za a ƙara, dole ya bi wannan ƙa'ida.

Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, sai a watan Oktoba na 2013 ta buɗe wa kamfanoni hanyar barin fasinja ya yi amfani da ƙananan na'urorinsa tun daga tashi har sauka, har da Bluetooth, ta Turai, EASA, ta biyo baya. Wannan izinin kayan aljihu ne. Na'urar da za a kafa a jikin jirgi hukuncinta daban. Sai ta wuce gwaje-gwajen da ke cikin kundin DO-160: zafi, sanyi, girgiza, danshi, da yawan hayaniyar rediyon da take fitarwa. Sai an nuna cewa ɗaruruwansu a kunne tare ba za su taɓa na'urorin tuƙi da na sadarwa ba. Sai an samu takardar izinin sauyi ga wannan samfurin jirgi takamaimai, domin izinin Airbus A330 ba ya aiki a kan Boeing 787. Idan kuma za a sauya allon gaba ɗaya, kujera ta shigo ciki: ana gwada kujerun zamani da bugu mai ƙarfin nauyi ninki 16, ana kuma auna abin da zai samu kan mutum idan ya bugi bayan kujerar gabansa. Sabon allo mai nauyi daban ko gilashi daban yana iya sa a sake wannan gwaji.

Wanda ya ga tsaurin ya yi yawa, ya tuna jirgin Swissair mai lamba 111, wanda ya faɗi teku kusa da gaɓar Kanada ranar 2 ga Satumba, 1998, mutum 229 suka rasu. Gobara ce ta tashi a saman rufin gaba, kuma masu bincike sun samu alamar tartsatsin lantarki a jikin wata igiya ta tsarin nishaɗin da aka ƙara wa jirgin daga baya. A ganinmu, gara fasinja ya yi shekara biyar yana jan igiya da a gaggauta aikin lantarki a sama.

Ga kuma kuɗi. Jirgin da ke tsaye a rumfar gyara ba ya kawo ko dala, shi ya sa ake jiran babban duba da ake yi kusan duk shekara biyu, ko lokacin sauya kujeru gaba ɗaya. Wasu kamfanoni sun bi gajeriyar hanya: a cire ƴar mazubin ramin sauraro kaɗai, a sa wata mai Bluetooth a ciki, a bar tsohon allo. Ya fi arha, amma matsalar jinkirin hoto tana nan. Duk da haka kamfanonin jirage suna son sauyin, domin ramin nan yana cikin abubuwan da suka fi lalacewa a kujera: mutum ya miƙe da igiya a kunne, tsinken ya karye a ciki, kujerar ta zama kurma har sai makaniki ya zo.

Manyan masu ƙera wannan kaya su ne Panasonic Avionics, da Thales da Safran na Faransa, kuma duk sababbin allunansu suna zuwa da Bluetooth. United ta Amurka ta fara karɓar jirage masu shi a kowace kujera a 2021, Panasonic ya bayyana samfurinsa Astrova a 2022. Sabon tsarin Bluetooth mai suna LE Audio, da aka sanar a 2020, yana matse sauti da ƙarancin bayanai kuma jinkirinsa ya fi gajarta, saboda haka zai rage cunkoso idan ya yaɗu. Amma kamfani ɗaya yana iya samun jirgi sabo da tsoho a kan hanya ɗaya, yau wannan gobe wancan. Jiragen jigilar alhazai kuwa sau da yawa na haya ne, wasu babu allo, wasu akwai amma a kashe.

Abin da matafiyi zai yi da hannunsa

Idan allon na da Bluetooth, za ka ga alamarsa a jikin allo ko a wurin saitin sauti. Ka kashe Bluetooth ɗin salularka tukuna, in ba haka ba ekutar za ta koma wa uwargijiyarta ta ƙi baƙo. Ka sa ta a yanayin neman haɗi, ka matso da ita dab da allo, ka zaɓi sunanta. Shi ke nan.

Idan babu, sai ƴar na'urar turawa, mai girman akwatin ashana, mai guntuwar igiya da tsinke na milimita 3.5. Wadda ta fi suna ita ce AirFly, amma iri-iri ne. A nan ne mutanenmu suka fi yin asarar kuɗi, don haka a kula. Yawancin abin da za a miƙo maka a Kasuwar Dole ko a shagunan kayan salula idan ka ce kana son Bluetooth na rami, mai karɓa ne: wanda ake sa wa rediyon mota ko tsohuwar lasifika don ta karɓi waƙa daga salula. Aikinsa kishiyar abin da kake nema ne. Kai mai turawa kake so. Ka duba jikinta, za ka ga TX, ko wani ɗan maɓalli mai zamewa tsakanin TX da RX. TX turawa, RX karɓa. Wadda RX kaɗai ke jikinta, ko ka kai ta sama ba za ta yi komai ba. Kada ka biya sai an gwada a gabanka: a cusa ta a ramin rediyo ko na wata salula mai rami, a kunna sauti, ka ji shi a ekutar ɗinka.

Ƙullawar farko a gida za a yi ta, ba a jirgi ba. Na'urar ba ta da allo, ba ta nuna sunaye. Duk ekutar da ta fara cin karo da ita tana neman haɗi, ita za ta kama. A cikin jirgi, a mintunan da kowa ke zama yana fito da kayansa, tana iya kama ta maƙwabcinka, ka zauna kana jiran sauti shi kuma yana jin fim ɗinka. A gida: ka cika su da caji su biyu, ka kashe Bluetooth na duk salular da ekutar ta sani, ka tura maɓalli zuwa TX. Ka sa ekutar a yanayin neman haɗi. A AirPods masu maɓalli a bayan akwati, za ka buɗe murfi ka danne maɓallin har fitila ta fara ƙyaftawa fari. A yawancin masu arha, fitar da su biyun daga akwati ya isa. Sai ka danne maɓallin na'urar turawa har fitilarta ta fara ƙyaftawa da sauri, galibi ja da shuɗi. Ka ajiye su kusa da juna, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ka ba su rabin minti. In fitilar ta daina rawa ta tsaya, ko ta koma ƙyaftawa a hankali, sun ƙulla, kuma za su tuna juna a jirgi.

Sai ramin kujera. Idan ɗaya ne, ka tura tsinken har ya shige duka. Wanda ya tsaya rabi yana ba da kunne ɗaya, ko kiɗa babu muryar masu magana. Idan biyu ne masu girma ɗaya, a tsofaffin jirage kowane rami kunne ɗaya yake ɗauke da shi, kana buƙatar adafta mai ƙafa biyu da ke haɗe su zuwa rami guda. Ƴar aba ce mai arha, amma ba a cika samun ta a nan ba, saboda haka a neme ta tun kafin ranar tafiya, ko a zaɓi na'urar da ta zo da ita a kwali. Wasu sababbin kujeru masu rami biyu suna ba da kunne biyu ta rami ɗaya, don haka ka gwada kowanne kafin ka yanke hukunci. Idan ka ga uku, ɗaya ya fi sauran ƙanƙanta, wannan ƙaramin na milimita 2.5 wuta yake kai wa abin sauraron kamfani mai kashe ƙara. Kada ka cusa komai a ciki.

Ƙarfin sauti yana da tarko. An tsara wasu tsofaffin kujeru ne don abin sauraron kamfani, wanda ke buƙatar turi mai ƙarfi, saboda haka abin da ke fitowa daga ramin yana iya fin ƙarfin na'urarka. Alamar ita ce murya ta riƙa tsagewa ko da ka rage a ekutar. Ka fara da sautin allo a ƙasa, ka ɗaga zuwa wajen rabi, sauran ka daidaita a kunne. Kuma ka sani sanarwar ma'aikata tana shigowa da nata ƙarfin, wanda sau da yawa ya fi na fim nesa. Ƙarar cikin jirgi tana kai desibel 75 zuwa 85, abin da ke sa mutum ya yi ta ƙara sauti bai sani ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako. Robar kunne da ta toshe da kyau ta fi ƙarin sauti amfani.

Idan ka ji wani siririn kuka kamar na sauro a bayan sauti, duba ko kana cajin na'urar a ramin USB na kujera alhali tana cikin ramin sauraro. Igiyoyin biyu sun zagayo sun haɗu, hayaniyar lantarkin jirgi, wanda ke kaɗawa sau 400 a daƙiƙa maimakon 50 na gidajenmu, ta samu hanyar shiga. Zare cajin, kukan zai ɗauke. Kada ka dogara ga fawa bank don wannan, domin tun bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 kamfanoni da dama sun hana amfani da shi a sama. Emirates ta hana daga 1 ga Oktoba, 2025. Ɗaukar sa kuma a jakar hannu ne kawai, ba a kayan awo ba, kuma iyakar da aka saba ba tare da neman izini ba ita ce wat-awa 100, wato wajen mAh 27,000.

Batir ma lissafi ne. Ekutar ƙanana sukan yi awa 4 zuwa 6 suna sabbi, waɗanda suka sha zafin Damagaram shekara guda ba sa kai haka. Zuwa Jidda wajen awa biyar ne, daga Addis Ababa zuwa Guangzhou wajen goma. Dabarar ita ce a sa kunne ɗaya, ɗayan yana caji a akwati, a riƙa musanyawa. Kafin tafiya a goge ƴan ƙarafan caji da ke gindin ekutar da cikin akwatin da busasshen auduga, domin ƙurar hunturu tana taruwa a nan, akwati ya nuna ya cika alhali kunne ɗaya bai sha komai ba. In kuma ɗaya ta faɗi ta shige cikin kujera, kada ka motsa kujerar gaba ko baya. Batirin lithiyam da ƙarfe ya matse yana iya kamawa da wuta. Ka kira ma'aikatan jirgi.

Ga mai niyyar Umara ko Hajji da zai sauka Jidda akwai wani abu da ya fi duk waɗannan. Kamfanoni irin su Saudia suna sanar da kusantar miƙati don a ɗauki harami. Wanda ekutar ɗinsa ke haɗe da allon jirgi, kai tsaye ko ta ƴar na'urar turawa, sanarwar za ta katse abin da yake ji ta shigo kunnensa. Wanda kuwa ke sauraron salularsa, musamman da ekutar mai kashe ƙarar waje, babu abin da zai katse shi, yana iya wuce miƙati bai ji ba. Idan tafiya ta rage kamar awa ɗaya da rabi, a cire kunne ɗaya, ko a koma kan allon jirgi. Dattijon da aka saya wa sabuwar ekutar don tafiya, Alhaji ne ko Hajiya, a zauna a nuna masa wannan tun a gida, a kuma sa masa mai igiya guda a aljihun jaka tare da adafta mai ƙafa biyu. Ita ƴar na'urar turawa, a ɗaura mata jan zare mai tsawon taƙi biyu a maƙale da hannun jaka, domin baƙa ce, ƙarama ce, kuma a gefen hannun kujera take zama, inda ido ba ya kaiwa lokacin da kowa ya miƙe yana neman kayansa.